Maganin hawan jinin ido: wace wahala ake daurewa, wace ake komawa asibiti?

Yau daga unguwar Briqueterie ta Yawunde muke magana, masaukin 'yan'uwa da ke saukowa daga Ngawundare, Garwa da Marwa, da masu wucewa Kyé-Ossi da kaya. Da yawanku in kun shigo birni kukan haɗa da ganin likitan ido, wani a Babban Asibitin Yawunde, wani a asibitin ido na Magrabi da ke Oback. A auna ido, a ce hawan jinin ido ne, wato glakoma, a rubuta maka takarda ka sayi 'yar kwalba a farmasi, abin da suke kira kolir. Washegari ka hau jirgin ƙasa ka koma arewa. Kwana uku da fara ɗigawa ido ya yi ja, yana zafi, sai ka ce wannan magani bai karɓe ni ba, ka jefa shi ƙasan jaka.

To a nan ɓarnar take. Irin glakomar da ta fi yawa a cikinmu ba ta ciwo. Daga gefe take cin gani, a hankali, mutum bai sani ba, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Ba kamar yanar ido ba ce da ake cirewa gari ya waye. Maganin ba zai ƙara maka gani ba, aikinsa ya tsare wanda ya rage. Shi ya sa mutum yake ganin babu amfani, ga shi kuma yana wahalar da shi.

Raɗaɗi na minti ɗaya ko biyu bayan ɗigawa, wannan a daure. Latanoprost, wanda ake ɗigawa sau ɗaya da dare, yakan sa ido ja a makonnin farko, gashin ido ya yi tsawo, fatar gefen ido ta ƙara duhu. Ba abin tsoro ba ne. Dorzolamide kuwa ɗaci yake saukarwa a maƙogwaro.

Timolol ne nake so ku buɗe kunne a kansa, don shi aka fi rubutawa saboda araha. Akwai 'yar hanya daga kusurwar ido zuwa hanci, ta nan magani ke bi ya shiga jini. Timolol in ya shiga jini yana rage bugun zuciya, yana kuma matse hanyar numfashi. Mai asma ko mai ciwon zuciya, ya faɗa wa likita tun kafin a rubuta, ko ba a tambaye shi ba. In ka fara ɗigawa ka ji numfashi na sarƙewa, ko jiri, ko ka hau ɗan tudu da shanu ka ji kamar za ka faɗi, wannan ba na dauriya ba ne. Dakatar da shi, ka nemi asibiti mafi kusa a ranar, a canza maka wani. Haka in fatar ido ta kumbura tana ƙaiƙayi, ko gani ya ragu farat ɗaya.

Ga dabarar da ba ta cin ko sisi. Ɗigo ɗaya ya isa, na biyu zubewa yake yi. Da ka ɗiga, rufe ido, ka danna kusurwar da ke jikin hanci da yatsa kamar minti 2. Ka toshe waccan hanya ke nan: ɗaci ya ragu, abin da ke shiga jini ya ragu. In kwalba biyu aka ba ka, bar minti 5 tsakaninsu. Masu tambaya a kan azumi, malamanmu suna lura ne da isar magani maƙogwaro. Ka tambayi malaminka, ka kuma roƙi likita ya daidaita maka lokaci zuwa sahur da bayan shan ruwa, maimakon ka bar magani wata guda.

Wani lokaci akan haɗa da ƙwaya, Diamox. Ita tana sa yawan fitsari da jin tsiki-tsiki a yatsu kamar kiyashi na tafiya. Makiyayi da ke wuni a rana, sai ya yawaita shan ruwa, don tana iya kawo tsakuwar ƙoda. Mai sikila da mai ciwon ƙoda, kada su sha sai likita ya san halinsu.

Sai zafi. Latanoprost da ba a buɗe ba yawanci a firji ake ajiye shi, in an buɗe kuma ba ya son wuce digiri 25. Ina Kusiri ina digiri 25 a watan Afrilu? Kada ka bar shi a gaban mota ko aljihun riga a rana. Naɗe shi a leda, sa a tsumma mai laima, ajiye gindin randa. Ka gaya wa likita cewa a daji kake kwana, ya san abin da zai zaɓa maka. Kwalbar da aka buɗe kuma, bayan mako 4 a sake sabuwa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na masu talla a tasha da kasuwar kan iyaka. Ido ya yi ja, a miƙo maka kwalba mai dexamethasone ko betamethasone a ciki. Jan zai tafi kuwa, har ka sa wa mai tallan albarka, alhali irin wannan magani yana ɗaga hawan jinin ido, ya rushe aikin da na likita ke yi. Kada kuma ka ara wa maƙwabci naka don nasa idon ya yi ja a hunturu.

Kafin ka bar Yawunde, sayi abin da zai kai ka har komawa, ka ɗauki hoton takardar da kwalin a waya, don sunan kamfani yakan bambanta tsakanin Kamaru da Najeriya, amma sunan sinadarin ɗaya ne. Ita wannan cuta tana bin dangi, saboda haka ƙanne da 'ya'yan da suka kai shekara 40, a zo da su a auna.

Mako mai zuwa za mu taɓa afolo da ƙurar hanya, in Allah ya kai mu. A huta lafiya.