Idon Likita da Alƙalaminsa



An tambaye mu: shin abin da likita ya koya a bakin gadon majinyaci ilimi ne, ko kuwa sabo ne kawai? Amsarmu ita ce, gani yana zama ilimi idan an rubuta shi, an ƙidaya, an bar wani ya gwada.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a nan Wurno a 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan ciwon ido da basir. Da ya bar saninsa a ka, da ya bi shi kabari. Da yake ya sa shi a takarda, har yau masana na iya duba shi su auna.

A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF sun lura yara suna jijjiga suna mutuwa, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro ba ya yi musu aiki. Gogewa ce ta gaya musu wannan ba ciwon da aka saba gani ba ne. Amma sai da aka auna jini aka gane gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. Ido ne ya fara ganowa, awo ya tabbatar.

Sabo shi kaɗai yana iya ɓatar da mu. A garuruwan bakin Gulbin Rima, daga madatsar Goronyo zuwa fadamun Wurno, an daɗe ana ganin yaro yana fitsarin jini, har wasu suka ɗauke shi alamar balaga. Alhali tsargiya ce, tsutsar da ke fitowa daga dodon koɗi ta shiga fatar mai wanka, kuma tana da magani.

Mu malamai muna ganin yaran nan kullum, fiye da kowane likita. Idan muka ga ɗalibi yana ramewa, ko yana yawan fita fitsari, ko yaran unguwa ɗaya sun daina zuwa a mako guda, mu rubuta rana da suna a rajista, mu sanar da iyaye, mu kai wa jami'in lafiya. Ba namu ba ne mu ba da magani. Namu shi ne kada abin da muka gani ya ɓace.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Wassalamu alaikum.