Shirin Ɗalibi Domin Aikin Tsara Manhaja a Masana'antun Tsaro



Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba irin shirin da ya kamata ɗalibi ya yi, ko da a unguwar Badariya ta Birnin Kebbi yake zaune, idan yana da burin zama mai tsara manhajar kwamfuta a masana'antun tsaro. Abin da ake nufi da manhaja shi ne jerin umarnin da mutum ke rubuta wa na'ura, ta bi shi daki-daki ba tare da ta san dalili ba.

Ƙasar Kabi ba baƙuwa ba ce ga sha'anin tsaro. A ƙarni na 16 Muhammadu Kanta ya ɓalle daga daular Sangai, ya kewaye birninsa na Surame da ganuwar duwatsu wadda kufanta ke nan har yau. Wanda ya shiga gidan tarihi na Kanta a Argungu zai ga masu da takubba da kwari da baka, duk aikin masu sana'ar ƙasar. Watau a wancan zamani maƙeri da magini su ne masana'antar tsaro. To, a yau makami ya sami ƙwaƙwalwa, kuma mai tsara manhaja shi ne ke ƙera ta. Sace ɗaliban kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yuni na 2021 ya isa ya nuna cewa bukatar kayan leƙen daji da na sadarwa ta iso har ƙofar gida.

Ina ake wannan aiki a Nijeriya? Akasarinsa a Kaduna yake. A can ne aka kafa Kamfanin Masana'antun Tsaro, watau DICON, a 1964, kuma a 2023 aka yi masa sabuwar doka wadda ta buɗe masa hanyar haɗa gwiwa da kamfanoni masu zaman kansu. A can kuma Cibiyar Fasaha ta Sojojin Sama take, inda aka ƙaddamar da jirgi marar matuƙi mai suna Gulma a 2013, sa'an nan Tsaigumi a 2018. Irin wannan jirgi ba ya tashi, ba ya juyawa, ba ya aiko da hoto, sai da manhaja. Ɗalibi na iya shiga ta Kwalejin Horar da Hafsoshi ta Kaduna, ko ya gama digiri ya nemi aikin hafsa na gajeren wa'adi, ko kuwa ya yi aiki a matsayin farar hula.

Amma kafin ya zaɓi ƙofa, ya kamata ya fahimci abin da ya bambanta wannan aiki da sauran ayyukan kwamfuta. Idan manhajar ciniki ta yi kuskure, sai a yi hasarar kuɗi, a gyara gobe. Kuskuren manhajar makami kuwa da rai ake biyansa.

Alal misali, a ranar 25 ga Fabrairu, 1991, lokacin yaƙin Tekun Fasha, wani makami mai linzami na Iraƙi ya faɗa kan barikin sojojin Amurka a Dhahran ta ƙasar Saudiyya, ya kashe soja 28. Akwai na'urar kariya mai suna Patriot a wurin, amma ba ta harba ba. Da aka bincika, sai aka tarar agogonta yana ƙidaya lokaci ne da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Wannan adadi ba ya rubutuwa cif-cif a lissafin sifili da ɗaya wanda kwamfuta ke aiki da shi, saboda haka aka datse wutsiyarsa. Na'urar ta yi kimanin sa'a 100 tana aiki ba a kashe ta ba, ɗan guntun da aka datse ya yi ta taruwa har ya kai kusan sulusin daƙiƙa. A cikin sulusin daƙiƙa makamin Iraƙi yana cin fiye da rabin kilomita. Na'urar ta duba inda ba ya nan, ta ɗauka babu kome. Manhajar da aka gyara ta iso Dhahran washegari.

Daga wannan labari ana iya fitar da shirin da ɗalibi ke bukata. Da farko ya riƙe lissafi da kimiyyar fiziks hannu bibbiyu, domin wanda bai san yadda kwamfuta ke ajiye adadi a cikinta ba, ba zai hango irin kuskuren Dhahran ba. Bayan haka ya koyi harsunan da ke magana da na'ura kai tsaye, irin su C da C++, ya kuma san akwai Ada, wanda Ma'aikatar Tsaron Amurka ta sa aka ƙirƙira, aka daidaita shi a 1983. Wannan koyo ba ya bukatar barin gida. Ga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013, ga jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Aliero, ga kuma Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru. Ɗalibi ya sami ƙaramin allon lantarki irin Arduino, ya haɗa masa na'urar auna zafi, ya bar shi kwana bakwai yana aiki, ya ga inda zai fara ƙarya. Wannan gwaji ya fi masa haddar littafi amfani, tun da dai sai an gwada akan san na ƙwarai. Ya kuma saba da rubuta bayanin aikinsa dalla-dalla, ya miƙa wa wani ya nemo masa kurakurai, kada ya ji haushi in an samu.

Sai kuma maganar hali. Ba a ɗaukar mutum wannan aiki sai an binciki tarihinsa, kuma Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 za ta hau kansa. Abin da matashi ya rubuta a Facebook yana ɗan shekara 19 na iya tare masa hanya yana ɗan shekara 25. Bayan riƙon sirri akwai amanar rayukan bayin Allah. A ranar 3 ga Disamba, 2023, jirgi marar matuƙi na sojojin ƙasa ya jefa bam kan masu Maulidi a Tudun Biri ta Jihar Kaduna, mutum fiye da 80 suka rasu, rundunar kuma ta amsa cewa kuskure ne. Mai tsara manhaja yana da hannu wajen rage aukuwar irin wannan, domin shi ke ƙayyade tsabtar hoton da hafsa zai gani, da yawan tambayar da na'ura za ta yi masa kafin ta yarda ya harba.

Ga ma'aikatan gwamnati kuwa, akwai nasu rabo a wannan shiri. Ɗakin gwaji mai wutar lantarki tsayayya, da tallafin karatu ga ɗaliban lissafi da injiniya, su ne za su sa ɗan Badariya ko Argungu ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da takwaransa na ko'ina a ranar tantancewa. Ƙasar da ke sayo makami ba tare da ta iya karanta manhajar da ke cikinsa ba, tilas ta jira mai sayarwa duk ranar da ya lalace.

Allah Ya zaunar da ƙasa lafiya, Ya ba ɗalibai sa'a.