Yadda Za a Zaɓi Kayan Haɗa Kwamfutar Gida da Kuɗi Kaɗan

Jawabin Wayar da Kan Jama'a

Kwamfuta ta daɗe da fitowa daga bankuna da ofisoshin gwamnati ta shiga gidajen jama'a. Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawar shiga jami'a ta koma ta kwamfuta ɗungum, har ya zamana yaron da bai saba da ita ba yakan shiga ɗakin jarrabawa da rauni tun bai ga tambaya ba. Ɗan kasuwa yana bukatarta don lissafi, malami kuma don shirya darasi. Sai dai kusan dukan kayanta daga ƙasashen waje a ke shigo da su, da dalar Amurka kuma a ke sayo su. Tun da aka sakar wa kasuwa darajar naira a watan Yuni na 2023, farashinsu ya hau ƙwarai.

Saboda haka mutane da yawa sun koma sayen sassa ɗai-ɗai suna haɗa kwamfutar tebur da kansu. Dabara ce mai kyau, gama in sashe ɗaya ya lalace shi kaɗai za a canja, in kuma hali ya samu nan gaba sai a ƙara wani. Amma akwai tarko a cikinta. Ba kowane sashe ke shiga jikin kowane ba, sau da yawa kuma mai kanti ba ya karɓar kayan da aka riga aka buɗe. Magidancin da ya yi wata da watanni yana tari, in ya sayo sassan da ba su dace da juna ba, kuɗinsa sun kwanta ke nan. Manufar wannan jawabi ita ce a nuna tsarin da za a bi don kauce wa wannan hasara.

1. A Fara da Sanin Aikin

Kafin a taka ƙafa zuwa kasuwa, lalle ne mutum ya zauna ya rubuta aikin da ya ke so kwamfutar ta yi masa. Rubutun takardu, lissafin shago, karatu a intanet, kallon darussa na bidiyo da gwajin jarrabawa duk aiki ne mai sauƙi, ƙaramar kwamfuta ta wadatar. Tace fim, zanen gine-gine da manyan wasanni su ne aiki mai nauyi, su ke bukatar katin hoto na musamman, wanda sau da yawa ya fi kowane sashe tsada. Wanda aikinsa na farkon ne, ya cire katin hoto daga lissafinsa tun daga yanzu. Wannan shi ne babban tsimi na farko.

2. Zaɓen Furosesa

Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, ita ke yin dukan lissafi. Kamfanoni biyu na ƙasar Amurka ke riƙe da kasuwarta ta kwamfutar tebur, watau Intel wanda aka kafa a 1968, da AMD wanda aka kafa a 1969. Na Intel ana kiransu Core, na AMD kuwa Ryzen. Kowannensu yana da mai kyau a farashi mai sauƙi, don haka ba abin jayayya ba ne.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ruɗuwa da babban suna. Jama'a sun saba jin cewa i7 ta fi i5, i5 kuma ta fi i3. Wannan gaskiya ne in dukansu zubi ɗaya ne. Zubin kuwa yana cikin lambar da ke bin sunan. Alal misali, Core i7-4770 zubi na 4 ce, ta shekarar 2013. Core i3-12100 kuwa zubi na 12 ce, ta shekarar 2022. Kowace a cikinsu tana da cibiyar aiki 4, amma ƙaramar ta 2022 ta fi babbar ta 2013 sauri nesa ba kusa ba. Duk wanda aka ce masa “i7 ce”, ya nemi a nuna masa cikakkiyar lambar.

Akwai wani dalili kuma na duba shekaru. Kamfanin Microsoft ya daina tallafinsa na yau da kullum ga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 kuwa galibi daga zubi na 8 na Intel ta fara karɓa. A wajen AMD, mai son kauce wa shakka ya fara daga Ryzen jerin 3000 zuwa sama. Wanda ya riga ya mallaki tsohuwar furosesa bai yi hasara ba, yana iya ɗora mata Linux, irin su Ubuntu ko Linux Mint, waɗanda kyauta a ke samunsu.

Abu na uku shi ne harafin da ke ƙarshen lambar, shi ne kuwa ya fi sa mutane kuka. Wasu furosesoshi suna ɗauke da sashen fitar da hoto a cikinsu, wasu ba su da shi. A wajen Intel, harafin F yana nufin babu. A wajen Ryzen jerin 5000, harafin G yana nufin akwai. Watau Core i3-12100 da Ryzen 5 5600G za su nuna hoto su kaɗai, amma i3-12100F da Ryzen 5 5600 ba za su nuna kome a allo ba sai an saya musu katin hoto. Mai F takan ɗan fi araha, shi ya sa a ke faɗawa. Garin neman ƙiba sai a samo rama.

3. Gurbi da Babban Allo

Babban allo, wanda 'yan kasuwa ke kira madabod, shi ne farantin da a ke dasa dukan sassa a kansa. A tsakiyarsa akwai gurbin da furosesa ke zama. Kowane iyali na furosesa da irin gurbinsa, ba kuwa a tilasta wa wani shiga na wani. Ga huɗun da aka fi cin karo da su:

(a) AM4 na AMD, tun 2016. Yana ɗaukar Ryzen daga jerin 1000 zuwa 5000, da RAM irin DDR4 kaɗai.
(b) AM5 na AMD, tun 2022. Yana ɗaukar Ryzen jerin 7000 zuwa sama, da DDR5 kaɗai.
(c) LGA1700 na Intel, tun 2021. Yana ɗaukar zubi na 12 da na 13 da na 14. Wasu allunansa na DDR4 ne, wasu na DDR5, sai an duba jikin kwalin.
(d) LGA1851 na Intel, tun 2024, da DDR5.

Ga mai ƙaramin ƙarfi, AM4 da LGA1700 mai DDR4 sun fi sauƙi. Ko da gurbi ya dace, a tabbata allon ya san furosesar. Tsohon allo irin B450 ba zai tashi da Ryzen 5 5600G ba sai an sabunta ƙaramar manhajar da ke cikinsa, wadda a ke kira BIOS. Kowane kamfanin allo yana wallafa jerin furosesoshin da allonsa ke karɓa. A duba jerin nan kafin a biya, ko kuwa a sa mai kanti ya haɗa su biyun ya kunna a gaban mai saye.

Allo mai tsada ba ya ƙara wa ƙaramar furosesa sauri a aikin gida. A520 ko B550 sun wadaci AM4, H610 kuma ya wadaci i3. Abin dubawa shi ne ya kasance da mazaunin RAM biyu aƙalla, da mazaunin M.2, da kafar da ta dace da wayar allon kallon da a ke da shi, ko HDMI ko VGA.

4. RAM

RAM ita ce teburin aikin kwamfuta, inda ta ke shimfiɗa abin da ta ke yi a halin yanzu. In teburin ya yi ƙunci, kome saurin furosesa sai ta riƙa jira. Windows 11 tana iya tashi da gigabait 4, amma da ƙyar za a yi aikin kirki da wannan. Gigabait 8 shi ne mafi ƙaranci, 16 kuwa ya fi kwanciyar hankali.

Sanda biyu masu gigabait 8 sun fi sanda ɗaya mai 16, domin furosesa tana ɗiba daga biyun a lokaci guda. Wannan ya fi muhimmanci ga furosesa mai hoto a ciki, gama daga RAM ɗin nan ta ke aron wurin aikin hoton. Wanda kuɗinsa bai kai ba ya sayi sanda ɗaya mai 8 yanzu, ya bar mazauni ɗaya don gaba. A kula kuma, DDR4 da DDR5 tsawonsu ɗaya, amma tsagin da ke ƙasansu ba wuri ɗaya ya ke ba. In sanda ta ƙi shiga, kada a danna da ƙarfi.

5. Ma'ajiya

Nan ne a ke adana manhajoji da takardu da hotuna. Tsohon faifai mai juyawa yana karanta abin da bai cika wuce megabait 200 a daƙiƙa ba. SSD mai haɗin SATA yana kai wa wajen 550, irin NVMe da a ke kwantarwa a mazaunin M.2 kuwa yana iya haura 3,000. Babu inda kuɗi kaɗan ke kawo canji mai yawa kamar nan. Ƙaramar furosesa da SSD ta fi daɗin aiki a kan babbar furosesa da tsohon faifai. Mai gigabait 500 ko 512 ya ishi yawancin gidaje.

6. Wutar Lantarki

Akwatin wuta shi ke karɓar lantarkin gida, wanda a ƙasar nan ma'auninsa bolt 230 ne, ya sauke shi zuwa bolt 12 da 5 da 3.3 da sassa ke sha. A nan ne mutane suka fi son rage kuɗi, alhali nan ne bai kamata ba. In RAM ta lalace ita kaɗai ta tafi. Akwatin wuta maras inganci kuwa, ranar da ya ƙone yana iya tafiya da allo da ma'ajiya gaba ɗaya. Araha ba ta ado.

Kwamfuta mai furosesa irin 5600G, wadda aka ƙiyasta a wat 65, ba tare da katin hoto ba, akwati mai wat 400 zuwa 450 ya ishe ta har da saura. A nemi na sanannen kamfani mai tambarin 80 Plus, wanda ke nuna cewa aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ya ja yana isa ga sassa. Akwatin da aka rubuta masa babbar lamba amma ba shi da nauyi a hannu, ba a kuma san mai yinsa ba, abin gudu ne.

Har ila yau, kowa ya san halin wuta a garuruwanmu, da yadda a ke komawa kan janareta. Kwamfutar tebur ba ta da batir irin na tafi-da-gidanka, da an ɗauke wuta aikin da ba a adana ba ya tafi. Saboda haka a sa kuɗin UPS cikin lissafi tun farko. Amfaninsa shi ne ya ba da 'yan mintoci a adana aiki a kashe cikin tsanaki. Inda wuta ke yawan hawa da sauka, a ƙara da sitabilaiza.

7. Misalin Jeri Biyu

Jeri na farko: Ryzen 5 5600G mai cibiya 6, allo A520 ko B550, DDR4 sanda biyu masu gigabait 8, SSD irin NVMe mai 500, da akwatin wuta mai wat 450. Jeri na biyu: Core i3-12100, allo H610 mai DDR4, sauran kuwa kamar na farko. Dukansu za su shiga gida mai girman micro-ATX. In an sayi furosesar cikin kwalinta na asali tana zuwa da fankarta, in kuwa tsirararta aka saya sai an nemi fanka dabam. Farashi yana canjawa da canjin dala, don haka a tambayi kanti uku ko huɗu a rana guda kafin a yanke shawara.

8. Kayan Hannu

A manyan kasuwanni irin su Computer Village ta Ikeja a Legas ana samun sabo da na hannu, wanda a ke kira tokunbo. Furosesa da RAM ba su cika tsufa da wuri ba, ana iya sayen na hannu in an gwada. Ma'ajiya da akwatin wuta kuwa suna cinyewa da aiki, gara sababbi. A duba ƙananan alluran da ke ƙasan furosesar AM4, ko cikin gurbin allon Intel, kada ɗaya ta lanƙwashe. Manhajar CPU-Z tana faɗin ainihin sunan furosesa, CrystalDiskInfo kuma tana nuna sa'o'in da ma'ajiya ta yi tana aiki, dukansu kuwa kyauta ne. A karɓi rasit mai ɗauke da suna da lambar kowane sashe da kwanakin garanti. Wanda aka cuta yana da damar kai kuka ga hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, watau FCCPC, rasit ɗin nan kuwa shi ne shaidarsa.

9. Haɗawa da Kulawa

A cire waya daga bango kafin a taɓa kome. A riƙa taɓa ƙarfen gidan kwamfutar don sauke wutar da jiki ke tarawa, musamman lokacin hunturu da iska ke bushewa. A gefen furosesa akwai alamar kusurwa uku, a daidaita ta da ta jikin gurbi, sa'an nan ta zauna da kanta ba tare da dannawa ba. Kada a kunna ta ko na ɗan lokaci ba tare da fanka a kanta ba. Bayan an gama, a ajiye kwamfutar bisa tebur inda iska ke ratsawa, a kuma riƙa bushe ƙurar fankoki, gama ƙura da zafin bazara su ke sa furosesa ta rage gudu don kare kanta.

Daga ƙarshe, tsarin guda ne: aiki shi ke zaɓen furosesa, furosesa ta zaɓi allo, allo ya zaɓi RAM, sa'an nan a ware kuɗin wuta mai inganci kafin a waiwayi ado. Duk mai niyyar saye ya rubuta jerinsa a takarda da cikakkun lambobi, ya nuna wa wanda ya san aikin kafin ya fitar da ko kwabo. Matambayi ba ya ɓata.