Masoro a Kasuwar Duniya, Barkono a Rumbunmu

Jawabi ga manoma da Zumuntar Mata na ikkilisiyoyin yankin Daudawa

 

An roƙe mu mu yi magana a kan farashin barkono, amma bari mu soma da ɗan'uwansa masoro, wanda iyaye mata ke saya ƙulli-ƙulli domin yaji da kunu. Akwai namu na dazuzzukan kudu. Wanda ake cinikinsa tsakanin ƙasashe kuwa, Biyetnam ce kan gaba wajen nomansa, sai irin su Burazil, Indunusiya da Indiya. Baƙin da farin duk uwarsu ɗaya. Baƙin ana tsinkarsa ɗanye a shanya. Farin sai ya nuna, a jiƙa shi kwana da kwanaki, a murje ɓawon. Aikin ya fi yawa, nauyin ya ragu, shi ya sa ya fi tsada.

A 2015 kilo ɗaya ya haura dong 200,000 a Biyetnam, wajen dala 9 ke nan. Kowa ya ruga shuka, wasu da bashin banki, har gonakin masoro suka kusan ninka uku tsakanin 2010 da 2017. Shi kuwa masoro sai ya shekara uku kafin ya yi 'ya'ya, saboda haka kayan suka sauko kasuwa kusan lokaci ɗaya. A 2020 kilo ya faɗi ƙasa da dong 40,000. Da yawa suka sare nasu suka koma wani noman. Da kaya suka yi ƙaranci, a 2024 farashin ya sake wuce dong 150,000, waɗanda suka sare suna kallo.

'Yan'uwa, ba haka muke yi ba? Bana barkono ya yi kuɗi a Sheme, Dandume ko Funtuwa, baɗi kowa ya rage masara ya dasa barkono, sai dillali ya taya yadda ya ga dama. Dattawan Daudawa sun ga irin wannan da auduga bayan an rushe hukumarta a 1986, masaƙun Kaduna kuma suka yi ta rufewa. Ku kuma lura da naira. Dala tana wajen 460 a farkon 2023, ta wuce 1,500 a 2024. Kuɗin buhu ya hau, gaskiya ne, amma taki, maganin feshi da kuɗin mota sun hau tare da shi. Sai an cire waɗannan a san ko an ci riba.

Farashin duniya ba a hannunmu yake ba. Kyawun kaya yana hannunmu. Manoman Penja a Kamaru sun haɗa kai a kan yadda za su gyara farin masoronsu, a 2013 aka yi wa sunansa rajista, kuɗinsa ya ɗaga. Mu kuwa har yanzu muna shanya a gefen kwalta, ƙura da awaki suna bi ta kai. A shanya a kan tampol, ya bushe ƙayau kafin a ɗura a buhu, don danshi ke kawo fumfuna. Kada a zuba masa maganin ƙwari. Irin wannan ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015.

Batun ajiya, mun san halin tsaro a Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara, ba za mu ce kowa ya tara kaya a ƙauye ba. Shawararmu ita ce gida biyar ko goma su haɗa buhunansu, su kama ɗaki a gari, a sayar da kashi ɗaya da kaka don kuɗin makaranta, sauran a jira. Gonar hatsi kuma kada a taɓa ta saboda barkono.

Sakataren kowace ikkilisiya ya rubuta sunayen masu son shiga ƙungiya, da yawan buhunan da suka samu bara, ya ba mu kafin a tashi.