Ɗaukaka Ƙara Ba Ya Hana Biya

Mutumin garin Laurel, a Jihar Maryland ta Amurka, wanda aka kayar a babbar kotu da ke Upper Marlboro, aka kuma ɗora masa kuɗin shari'a, yana da kwana 30 ya ɗaukaka ƙara zuwa Annapolis. Amma fa ɗaukaka ƙarar kaɗai ba ya ɗaure hannun abokin shari'arsa. Sararawar kwana 10 doka ta ba shi. Bayan nan ana iya taɓa albashinsa ko ajiyarsa ta banki.

In yana son a dakata, sai ya ajiye jingina, ko ya kawo kamfanin da zai tsaya masa, domin kada mai gaskiya ya jira wata da watanni, ya tarar dukiyar ta salwanta.

To, jinginar kuwa takan fi ƙarfin mai ita. A 1985 wata kotun Texas ta ci kamfanin mai na Texaco fiye da dala miliyan dubu 10. Neman jingina mai wannan nauyi ya sa a 1987 ya sanar ya karye. A 2015 Maryland ta ƙayyade jinginar, ba ta wuce dala miliyan 100. Manyan kamfanoni sun numfasa. Direban tasi na Laurel kam, wannan rangwame bai iso ƙofarsa ba.