Talabijin ta TNT: ku karanta kwali kafin ku biya kuɗi

Ina gaida ɗaliban karatun manya na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, maza da mata, tare da malamansu.

Yau hirarmu a kan talabijin take. Ran nan bayan an tashi daga aji, wani dattijo cikin ɗalibaina ya tsai da ni, ya ce: "Mushe, wai gaskiya ne za a kashe tele ɗinmu, sai mun sayi sabuwa?" Wani ɗan kasuwa ne ya faɗa masa haka. Na ce: "Baba, kada ka sayar da akuyarka tukuna." Bayanin da na yi masa shi ne zan yi muku yau.

Talabijin ta shigo Nijar ta ƙofar lakkwal, a 1964, don koyar da yara. A 1979 aka buɗe Télé Sahel don kowa da kowa. Hanyar da aka fara watsa hoto da ita, ana ce mata analojik. Sabuwar hanya kuwa ana ce mata numerik, wato ta lambobi. Idan kun ji an ce TNT, ana nufin talabijin ta lambobi wadda ake watsawa daga dogayen ƙarafan nan na ƙasa, ba daga tauraron ɗan'adam ba. Antan ɗin da ke bisa soro shi ke kamo ta, ba sai da parabol ba.

Mene ne bambancinsu? Ku da kuke koyon rubutu za ku gane da sauri. A tsohuwar hanya, hoto kamar zane ne da aka yi a ƙasa: iska ta taɓa shi kaɗan, ya lalace kaɗan. Shi ya sa na nesa da tasha suke ganin yayyafi a gilashi. A sabuwar hanya, ana mai da hoto da murya lambobi biyu rak, 0 da 1, a aiko su kamar wasiƙa. Wasiƙa ko ta sha ƙura, muddin baƙaƙen suna karantuwa, saƙo ya iso cif. In ba su karantuwa, babu saƙo sam. Haka TNT take: ko hoto garau, ko ya tsaya cak, ko gilashi ya yi baƙi. Saboda haka wanda ke ƙauye mai nisa sai ya ɗaga antan ɗinsa sama, ya fuskantar da shi wajen tasha da kyau.

To, me ya sa gwamnatocin duniya suka matsa a canza? Iskar da ake watsa shirye-shirye cikinta tamkar gona ce mai iyaka, an yanka ta zango zango. A da, zango guda tasha guda yake ɗauka. Yanzu zangon nan guda yana ɗaukar tashoshi fiye da goma. Filin da ya saura, musamman zangon 700 da na 800, shi ne ake bai wa kamfanonin salula don intanet, kuma ba kyauta ba. Nan kuɗin yake.

A 2006 ƙasashen Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya suka taru a Janeba, ƙasar Suwis, ƙarƙashin ƙungiyar sadarwa ta duniya, UIT. Suka sa ranar 17 ga Yuni 2015 ta zama wa'adi. Ƙasashe talatin da ƴan kai, har da Nijar, an ƙara musu zuwa 2020 a kan wani sashe na zangon. Wa'adin nan ba ya nufin wani zai zo daga Turai ya kashe mana tasha. Abin da yake nufi shi ne, bayansa, in watsawar maƙwabta ta shiga cikin tsohuwar watsawarka ta ɓata ta, ba ka da bakin kai ƙara. Mu da ke bakin iyaka mun san iska ba ta tsayawa a duwan: mutanen Maraɗi da na Katsina, ko na Birnin Ƙonni da na Illela, sun daɗe suna jin tashoshin juna. Faransa ta gama nata canjin a 2011, Ingila a 2012. Yawancin ƙasashen Afirka kuwa wa'adin 2015 ya wuce su. Najeriya sai a watan Afrilu 2016 ta fara gwaji a Jos.

Yanzu ga abin da ya shafi aljihunku. Numerik ba iri ɗaya ba ce a duniya. Amurka na da tata, Japan da Barazil na da tasu, Sin na da tata, Turai na da tata. An yi ta zawarcin ƙasashen Afirka, don wanda ka ɗauki tsarinsa, kayansa za ka riƙa saye. Botswana ta bi Japan a 2013. Mu a Afirka ta Yamma, ƙasashen CEDEAO da UEMOA sun ɗauki na Turai na biyu, mai suna DVB-T2.

Ku ɗauki alli ku rubuta: D, V, B, ɗan layi, T, sai lamba 2. Wannan 2 ɗin ita ce maganar. Akwai DVB-T maras 2, tsarin Turai na farko. Talabijin ƴar hannu da aka kwaso daga Faransa tana iya zuwa da TNT rubuce ɓaro-ɓaro a goshinta, amma ta kasa kama tamu, don da tsarin farko aka ƙera ta. Akwai kuma DVB-S2, da S a madadin T: wannan ta parabol ce. Tsohuwar tele ɗinku ba ta mutu ba. Ɗan akwati ake saya mata, dekoda, a haɗa shi tsakaninta da antan, ya riƙa karanta mata lambobin. Kafin ku miƙa kuɗi, ku juya kwali da hannunku ku nemi baƙaƙen nan. Ku kuma tambaya: dekodar nan ta tashoshin kyauta ce, ko sai an biya abonema kowane wata? Rediyonku kuwa ba ruwansa da wannan canji.

Akwai siyasa cikin sha'anin, ba zan ɓoye muku ba. A da kowace tasha da ƙarfenta. A sabon tsari, mai watsawa guda ke ɗaukar tashoshi da yawa, wanda ya riƙe shi kuwa ya riƙe ƙofa. A Kenya, cikin Fabrairu 2015, manyan tashoshi huɗu masu zaman kansu sun yi duhu wajen mako uku, a kan gardamar wa zai ɗauki shirye-shiryensu.

Sai maganar talaka. Amurka da duk arzikinta ta raba wa gidaje takardar rangwame ta dala 40, har biyu ga kowane gida, kuma duk da haka ta ɗaga ranarta daga 17 ga Fabrairu zuwa 12 ga Yuni 2009, don mutane ba su shirya ba. Tanzaniya ta kashe tsohuwar watsawa a Darussalam ran 31 ga Disamba 2012, gidaje da yawa suka wayi gari ba dekoda, ba hoto. A ganina, sanarwar da aka yi da Faransanci cikin jarida ba ta isa wurin dattijon ajina. Sai an faɗa da Hausa da Zabarmanci da Fillanci da Barbarci da Buzanci, a rediyo, a kasuwa, a ƙofar mai gari, kamar yadda ƙungiyoyin sauraren rediyo suka fara yi a ƙasar nan tun 1962.

Malaman karatun manya, ga aikin wannan mako: ku rubuta DVB-T, da DVB-T2, da DVB-S2 bisa allo, kowane ɗalibi ya taso ya nuna wadda ta dace da antan ɗin gidansa. Wanda ke da kwalin dekoda ya kawo shi aji a karanta tare.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.