GIRGIZAR ƘASA DA HAUSHIN KARE: DARASI DAGA GARIN BAM

 

'Yan uwa matasa, ranar Juma'a 26 ga Disamba 2003, da asuba, ƙasa ta girgiza a garin Bam da ke kudu maso gabashin Iran. Mutum sama da 26,000 suka riga mu gidan gaskiya, akasarinsu suna kwance cikin ɗakunansu na tubalin laka. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Duk lokacin da irin wannan ta auku, sai a ji ana cewa ai karnuka sun yi ta haushi tun kafin abin ya zo. To, akwai ƙanshin gaskiya a ciki. Masana sun bayyana cewa idan dutse ya tsage a ƙarƙashin ƙasa, motsi iri biyu ne ke tasowa. Na farko mai sauri ne amma marar ƙarfi, sau da yawa mutum ba ya jin sa. Na biyu shi ne mai rusa gini. Kare, saboda kaifin ji da Allah (T) ya hore masa, yakan ji na farkon, sai ya zabura. Amma fa ratar da ke tsakaninsu 'yan daƙiƙoƙi ce kawai. Irin wannan motsin na farko ne na'urorin ƙasar Japan ke kamawa, su aika gargaɗi ta wayoyin jama'a, su tsayar da jiragen ƙasa.

A shekarar 1975 hukumomin Sin sun fitar da mutanen Haiceng daga gidajensu kafin girgiza, bayan ƙananan motsi sun yawaita, an kuma ga dabbobi sun rikice. Dubbai suka tsira. Shekara ɗaya bayan haka ta afka wa Tangshan ba tare da an gargaɗi kowa ba, mutum sama da 240,000 suka mutu. Ashe dogaro da haushin kare kaɗai ganganci ne.

Abin da ya ci rayuka a Bam gini ne. Rufi mai nauyi a kan bango marar ƙarfe, da ya faɗo ba ya barin ko kafar numfashi. Ƙaddara gaskiya ce, amma magini ko ɗan kwangilar da ya cinye siminti ya rage rodi, akwai tambaya a kansa gobe ƙiyama.

Kar wani ya ce mu nan ba ruwanmu. An ji motsin ƙasa a Kwoi ta jihar Kaduna a 2016, an ji a Mpape ta Abuja a 2018. Saboda haka ɗan uwa magini ya ji tsoron Allah a aikinsa. Kowa ya sani, in ƙasa ta motsa a durƙusa, a shige ƙarƙashin tebur, a kare kai. A koyi taimakon gaggawa. Tawakkali baya ga ɗaure raƙumi yake zuwa.

Kare ya ji motsi ya farka. Mu da muke karanta Suratul Zalzala, me muka tanada wa babbar girgizar?